Amsa ga Alhaji kan shigo da ƙirƙirarriyar basira cikin aikin ƙungiya

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ka tambaya ko ya dace ka bar ma'aikatan ƙungiyarku ta manoman shinkafa su riƙa aiki da ChatGPT, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da yin rubutu, da ire-irensa, kuma ta ina za ka fara. Na daɗe ina riƙe da littattafan wata ƙungiya irin taku a yankin Argungu, ga abin da na gani.

Ko ka yarda ko ka hana, yaran ofis suna da shi a wayoyinsu, domin tun Nuwamban 2022 ya fito. Hani ba zai yi aiki ba. Ƙa'ida ake buƙata, a rubuce, kowa ya sa hannu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayanan mutane. Na taɓa tarar da wani magatakarda ya kwashe rajistar manoma kaf, suna da lambar waya da BVN da bashin takin da ake bin kowa, ya zuba a ciki don a jera masa. Bai yi da mugun nufi ba, sauƙi yake nema. Amma bayanan sun bar hannunmu sun koma kwamfutocin wani kamfani a ƙasar waje, alhali manomin da ya dangwala yatsa a takardarmu amana ya ba mu. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC), ƙungiyar da ta tara bayanan take ɗora wa alhaki, kuma kai ne shugabanta.

Sai maganar wa za a ba iri da taki bashi. Don Allah kada ka bar wa na'ura wannan hukunci. Abin da aka ɗura mata shi take koya. A 2018 aka ruwaito cewa kamfanin Amazon ya watsar da manhajarsa ta tantance masu neman aiki saboda tana danne mata, don yawancin takardun da ta koya daga gare su na maza ne. Dubi tsofaffin rajistocinmu: mata nawa ne a ciki, duk da su ke turara shinkafar nan? Manomin da ambaliya ta cinye gonarsa a fadama kuwa, na'ura za ta ga bai biya ba ne kawai. Kai ka san dalili.

Kuma tana shirga ƙarya ba tare da gezau ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago. Don haka duk abin da ya shafi awon taki ko maganin feshi, sai malamin gona ya duba kafin a tura wa manoma. Hausarta ma a gyara, ba irin tamu ta Kabi ba ce.

Ka fara da wasiƙu, taƙaita bayanin taro da daftarin neman tallafi, a cire sunaye da lambobi tukuna. Kowace takarda ta ɗauki sunan wanda ya karanta ta. Sannan ka tara ma'aikata ka faɗa musu baki da baki ko wannan zai taɓa aikin wani. In suna tsoron kora, ɓoye maka za su yi, ba za ka san me suke zubawa a ciki ba.