Ku Tambaya Mu Amsa: Hunturu, Hazo da Kyamara

Tun da sanyi ya kama, wasiƙun da ke zuwa mana daga Marwa, Garwa, Kuseri da Njamena kusan duk bakinsu ɗaya: ƙura, ɗari, da hoton da ya ƙi fitowa. Ga waɗanda muka zaɓo a wannan fitowar.

Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar hoto, biki da suna, wani lokaci da hotunan gari. Tun shigowar hunturu duk abin da na ɗauka a waje sai ya fito toka-toka kamar an wanke shi, duwatsun da ke bayan gari ma ba a ganinsu. Ko kyamarar ce ta gaji? Daga wani mai hoto a Marwa.

Wa alaikumus salam, Malam. Kyamararka lafiyarta ƙalau, kada wani ya raba ka da kuɗinka da sunan gyara. Iskar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka ce ta cika da ƙura.

Mafi yawan wannan farin hazon daga arewacin Chadi yake tasowa, daga kwarin Bodele da ke kusa da Faya. Wurin can da daɗewa gindin babban Tafkin Chadi ne. Da ruwa ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar alli, wadda asalinta ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne. Iskar arewa maso gabas tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi kamar ruwan da ya shiga ƙaramin kwalbati, ta kwashi wannan ƙasa, kusan kwana 100 a shekara. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka wayi gari ka gan ta a kan sirdin babur ɗinka. Shi ya sa launinta ya bambanta da jar ƙurar da mota ke tayarwa a hanyar burji.

Abu biyu take yi wa hoto. Na farko, gwargwadon nisan abu gwargwadon kaurin ƙurar da haske zai ratso. Mutumin da ke mita 3 daga gare ka zai fito da launinsa, dutsen da ke kilomita 3 kuwa sai inuwarsa. Janyo hoto daga nesa ba ya magani, ƙara dagula shi yake yi, domin ƙurar kake janyowa tare da shi. Tako da ƙafarka ka matso, tsakanin mita 2 zuwa 5. Sannan ka nemi abu mai duhu ko mai launi ya tsaya a gaba: mace da jar lafaya, mai shayi da hayaƙinsa, kututturen dalbejiya. Idan gaban hoton ya yi nauyi, dishi-dishin da ke baya ado yake zama. Wanda ya tsaya a Rumsiki, garin tsaunukan nan na arewacin Kamaru, da safiyar hunturu zai ga tsaunukan sun jeru, na kusa baƙi, na bayansa toka, na can ƙarshe kamar zane da fensir. Da damina ba ka samun wannan ko nawa za ka biya.

Na biyu, hazo yana ruɗa ma'aunin hasken kyamara. An ce ido ba mudu ba, ya san kima. Kyamara kuwa mudu gare ta, kimar ce ba ta sani ba. An gina ta ne ta ɗauka cewa duk abin da ke gabanta, in an gauraya shi, ruwan toka ne matsakaici. Da ta ga sama fari fat sai ta rage haske, fuskar ango ta yi duhu, farar shaddarsa ta koma kamar ta kwana a madafa. Nemi maɓallin da ke da alamar +/- ka ƙara daga +0.7 zuwa +1. A waya, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, taɓa fuskar mutumin a allo, sai ka ja 'yar alamar rana sama kaɗan. Ka duba aikin rigar: in zaren ya ɓace ya zama fari sol, ka wuce gona da iri, koma baya.

Wajen launi, kada ka bar wa kyamara ta zaɓa da kanta, don za ta goge ɗan jan da ke cikin hazon, hoton ya yi lami. Sa shi a alamar rana, ko a alamar gajimare in kana son ya ɗan ƙara ɗumi. In kana ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, za ka iya gyarawa daga baya. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom akwai abin rage hazo, amma mu dai ba mu son a wuce 20 ko 25, daga nan sama takan yi dabbare-dabbare, fata ta yi kaushi, kowa ya gane an taɓa.

Akwai alherin da masu hoto ba su cika lura da shi ba. Ranar da hazo ya yi kauri, rana takan zama kamar farin faranti, haskenta ya yi laushi, babu baƙar inuwar nan da hula ko goshi ke jefawa a kan ido. Hoton rukuni da tsakar rana, wanda a watan Afrilu ba ya yiwuwa sai an shiga rumfa, a Janairu yana fitowa sumul. Da dare kuma akasin haka: in ka kunna filashin da ke jikin kyamara, ƙurar da ke dab da gilashi ce za ta fara kama hasken, sai ka ga fararen ƙwallaye sun cika hoton amarya. Kashe shi ka yi aiki da fitilar wurin, ko ka ba yaronka fitila ya riƙe daga gefe, kamar taku biyu daga inda kake.

Gargaɗi guda ga 'yan Kuseri da Njamena: komai kyan da gadar Ngeli ta yi a cikin hazo, iyaka ce. Gada, bariki, filin jirgin sama da shingen jami'an tsaro ba wurin ɗaga kyamara ba ne.

Ina ganin wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a sararin sama cikin hotunana, kullum a wuri ɗaya. Na goge gilashi har na gaji. Daga wata ɗaliba a Ngawundare.

'Yar'uwa, tun da wuri ɗaya suke tsayawa, ba a gilashi suke ba, a kan sensa suke, wato farantin da ke karɓar hoto a ciki. Ga yadda za ki tabbatar: matse ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ki ɗauki farin bango ko farar takarda, ki buɗe hoton ki ƙara girmansa. Duk za su bayyana.

Ki yi caji batir ya cika, domin in ya mutu ana cikin aiki, a kyamara mai madubi labulen ciki zai iya rufowa a kan abin da kike riƙe da shi. Shiga ɗakin da aka yayyafa wa ruwa aka share tun ɗazu, a kashe fanka. Zaɓi tsabtace sensa a jerin umarnin kyamara, cire gilashin, ki kifa bakin kyamarar ƙasa, ki hura sau biyar ko shida da ɗan famfon roban nan da ake matsawa da hannu, kada bakinsa ya taɓa komai. Ban da hurawa da baki, yawu ne zai bi. Ban da auduga, ban da iskar mai faci. In ɗigon ya ƙi tashi, ya manne ke nan, sai a kai wa mai gyara da ke da tsinken goge sensa da ruwansa.

Shi ma gilashin, yawan gugar da kike yi masa illa ce. A cikin ƙurar akwai ɓarɓashin yashi, shafa shi da bakin mayafi tamkar dirza shi da sosan ƙarfe ne. Hura tukuna, sannan buroshi mai laushi, ƙyalle ya zo a ƙarshe. Sa masa filta mai haske a gaba, in za a karce gara ita. Kada ki canza gilashi a waje, in kuwa ya zama dole, kashe kyamarar, juya wa iska baya, ki gama cikin 'yan daƙiƙu. Wayar da ta daina karɓar caji a wannan lokacin ma sau da yawa ƙura ce ta dunƙule a ramin: a kashe ta, a sa tsinken sakace a hankali, ba allura ba.

Tsohuwarmu ba ta barci sai da kaskon wuta a ɗaki, ƙofa da taga a rufe. Kwanan nan tana tashi da ciwon kai da jiri, jikokin da ke kwana da ita su ma haka. Daga wani magidanci a Mokolo.

Alhaji, wannan kada ya ƙara kwana. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba, a nan mutane ke ruɗuwa. Tana shiga jini ta tare wurin iskar numfashi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala su ne alamun farko, kuma tun da mutum fiye da ɗaya ne ke tashi da su a ɗaki guda, ba ma zargin komai sai kaskon. Mai barci yakan wuce daga nan ba tare da ya farka ba.

Ba a ce a hana Inna ɗumi ba, Mokolo kan dutse take, ɗarinta ba wasa. A ɗumama ɗakin da magariba taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta. A ƙara shimfiɗa a ƙasa, don siminti ya fi iska zuƙe ɗumin jiki. Safa, hula, da jarkar ruwan ɗumi a naɗe da zane a wajen ƙafa. In an iske wani ya galabaita, a fito da shi sarari nan take a nufi asibiti. Amma ciwon kai da ya zo da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya wani abu ne daban: lokacin sanƙarau ne, kuma yankinmu na cikin inda yake yawan ɓulla. Shi ma asibiti, ba jira.

Ni ɗan Garwa ne, na zo karatu Mosko, wannan ne sanyina na farko. Ina so in aika wa gida hoton dusar ƙanƙara, amma tana fitowa shuɗi-shuɗi da duhu, wayar tana mutuwa alhali da sauran caji, in na shigo ɗaki kuma kyamarar da aka ara mini sai ta yi gumi.

Sannu da ƙoƙari, ƙanenmu, Allah ya ba da sa'ar karatu. Duhun hoton ciwo ɗaya ne da na mai hoton Marwa, sai dai naka ya fi tsanani, domin dusar ƙanƙara ta fi hazo fari. Ƙara daga +1 zuwa +2. Shuɗin kuma launin sama ne take mayarwa in tana cikin inuwa, alamar gajimare ko ta inuwa za ta gyara shi. In kana son a ga ƙwayoyinta a tsaye a iska, saurin ƙiftawar kyamara ya kai 1/250 na daƙiƙa ko ya fi haka sauri, kuma ka sa bango mai duhu a bayansu. A 1/60 za su zama zare-zare. Ka fita da wuri, a Disamba yinin Mosko wajen awa 7 ne kawai.

Batir bai lalace ba, sanyi ne ke rage masa kuzari. Kamfanin Apple ma da kansa ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35, ku kuwa a can yakan sauka har 20 ƙasa da sifili. Waya ta zauna a aljihun ciki, jikin ƙirji, a fito da ita a ɗauka a mayar. Batirin kyamara ka riƙe biyu kana musanyawa, wanda ya mutu in ya ji ɗumin jiki zai farfaɗo. Kada ka jona caji sai wayar ta ɗan yi ɗumi, cajin daskararren batir yana kashe shi.

Gumin nan shi ne abin tsoro. Irin raɓar da ke kwanciya a jikin kwalbar lemo mai sanyi ce, kuma yadda ta kwanta a waje haka take kwanciya a ciki. Tun kana waje, cire katin hotuna ka sa a aljihu, saka kyamarar a leda, matse iskar, ɗaure bakin. Ka shigo da ita a haka, ka bar ta awa ɗaya zuwa biyu nesa da hita. Raɓar za ta tsaya a kan ledar.

Jikinka kuma: kaya hawa uku, na ciki ba auduga ba, don auduga tana riƙe gumi ta sanyaya a jikinka; na tsakiya ulu; na waje mai tare iska. Takalmi ya fi ƙafarka kaɗan, matsattse yana hana jini gudu. Siririyar safar hannu a ciki, mai kauri a sama, in za ka danna sai ka zare ta saman kawai, kuma kada ka kama ƙarfe da tsirarar hannu. In ka yi alwala ka tsane sarai, har gemu da bayan kunne, kafin ka fita. Yatsa ko kunnen da ya yi fari ya daina ji, a tsoma shi a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39. Ba a murza shi, ba a kara shi a wuta, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone ba ka sani ba.

Muna gardama a majalisa: wai akwai inda ruwa ke daskarewa a Chadi? Daga wani direba a Njamena.

Akwai, Malam direba. A Njamena asubar Janairu takan tsaya wajen digiri 14, amma a tsaunukan Tibesti, inda Emi Kusi ya kai mita 3,415, dare yakan sauka ƙasa da sifili, ruwan da aka bari a buta ya kwana ya zama ƙanƙara. In hanya ta kai ka can, kada ka cika lagireto da zallan ruwa, a sa masa ruwan hana daskarewa, kuma ka tafi da bargo biyu.