An sa ɗanki a darasin tallafi? Ga abin da ya rage miki

'Yar'uwa, kin ce an sa ɗanki a ƙarin darasin da gwamnati ke biya, kina fargabar ko an ɗauke shi daƙiƙi ne. Kwantar da hankalinki. Galibi yara ƙalilan ake haɗawa da malami guda, a koma kan sautin haruffa, abin da cunkoson aji ke hanawa.

Sai dai kar ki sakar wa makaranta komai. Ki tambayi malamin takamaiman inda yaron ya maƙale, da yadda za su auna ci gabansa. A gida ya riƙa karanta miki a bayyane kullum, ko na minti 15 ne. Ko ba ki yi boko ba, sauraron ma aiki ne. A kuma duba idonsa da kunnensa, don wani yaron allon ne kawai ba ya gani.