Zuwa ga ƙanwata a Samaru, kan darasin da ya tayar wa Baba hankali

Ƙanwata, saƙonki ya same ni. Kin ce a manhajar kwas ɗin da kike nema a nan Ingila, na jinyar masu ciwon damuwa ta hanyar zantawa, kin ga darasin zaman halarto da hankali, wato horar da hankali ya tsaya kan abin da ake ciki a yanzu, aka ce miki daga mabiya Buddha ya fito. Baba kuma ya ce ba zai sayar da gonarsa ta hanyar Shika ki je ki koyo bautar gumaka ba.

Kada ki ɓoye masa, asalin abin daga can yake. A harshen Pali na tsofaffin littattafansu sunansa sati. Wani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, shi ya shigo da shi asibiti a 1979 a Jami'ar Massachusetts, ya tsara shi makonni 8 don masu fama da ciwo mai naci. Daga baya Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka gauraya shi da dabarun gyaran tunani, aka samu wanda ake kira MBCT. A 2004 hukumar NICE ta nan ƙasar, mai ba asibitoci shawara kan hanyoyin jinya, ta ba da shawarar a yi shi ga waɗanda ciwon damuwa ya kayar sau 3 ko fiye, don kada ya dawo.

Ranar farko da na shiga aji, ƙwayar zabibi ɗaya aka miƙa wa kowa. Ki kalle ta, ki shinshina, ki tauna a hankali. Na kusa fashewa da dariya, na ce kuɗin makaranta ne ke tafiya haka? Sai daga baya na gane. Mai damuwa yana saƙa da warwara ne dare da rana, jiya ta hana shi barci, gobe ta hana shi ci. Abin da ake koya masa shi ne idan tunanin ya taso ya lura da shi, ya san tunani ne kawai, ya maido hankalinsa kan numfashi ko tafin ƙafarsa. Akwai zaman minti 3, akwai na kusan minti 45 da ake bin jiki gaɓa-gaɓa. Ba a kiran sunan kowa, ba a rusuna wa komai.

Inda za ki buɗe ido shi ne wajen horon masu koyarwa. Ana so ke ma ki riƙa yi kullum, kuma akan tura mutum keɓewar shiru ta kwanaki. Wasu wuraren na asibiti ne zalla, wasu kuwa cibiyoyin mabiya Buddha ne, da mutum-mutumi a gaban ɗaki. Ni na rubuta na tambaya, na zaɓi wanda babu, na kuma nemi lokacin salla, aka ba ni. Ki yi wannan tambayar kafin ki biya ko sisi.

Abu ɗaya da ba na so: masu cewa ai zikiri ne, ai khushu'i ne da Turanci. Ba haka ba ne. Mai zikiri Ubangijinsa yake tunawa, wannan kuwa motsa hankali ne kamar yadda ake motsa gwiwa bayan karaya. In kin dawo Zariya kika zauna da matar da waswasi ya hana ta sanin raka'a nawa ta yi, ki faɗa mata gaskiyar tushensa, ta zaɓa. Kuma ba kowa yake yi wa daɗi ba. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kamar waɗanda suka kuɓuto daga hannun masu garkuwa, rufe ido kaɗai na iya dawo masa da komai, sai a bi shi a sannu.

Hukuncin shari'a ba fagena ba ne. Ki ɗauki wannan bayanin ku je wurin malamin da Baba ya yarda da shi a cikin birni. Ki gaishe da Baba, ki ce zan kira shi bayan sallar Juma'a.