Amsar Kawu kan aikin nazarin bayanan sirri na tsaron teku

(Muryar Kawu ce ta daren jiya, na rubuto saboda masu ƙarancin data.)

Assalamu alaikum, jama'ar gida barkanmu da dare. Ɗana na ji saƙonka, ka ce ka gama jogirafi a ABU, ranka yana son aikin masu nazarin bayanan sirri na gwamnati ta ɓangaren teku, amma wai ɗan Tudun Wada da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Kubanni ba ina shi ina wannan aiki. To saurara. Abin da zan faɗa duk yana jarida, na ofis kuwa ko bayan ritaya akwai rantsuwa a wuyan mutum.

Na farko dai cire fim daga kanka. Aikin tebur ne, ɗaki mai sanyi, kwamfuta, wayarka ma a bakin ƙofa zaka ajiye ta. Manyan jiragen ruwa masu tafiya ƙasa da ƙasa, daga tan 300 zuwa sama, doka ta tilasta musu kunna wata na'ura, AIS, ita ke ta shelanta sunan jirgi da inda yake da saurinsa da inda ya nufa. To a gabanka zaka ga allo cike da ɗigo-ɗigo daga Legas har Kalaba, gaɓar teku kilomita 850 da 'yan kai, sannan ruwan da arzikinsa namu ne ya shiga ciki mil 200. Aikinka ka san yadda ɗigon nan ke tafiya a ranar lafiya, kamar dai ɗan kamasho a tashar Kwangila, mota na tsayawa ya san ba ta layinsu ba ce tun kafin direba ya buɗe baki.

Misali tanka ce tana tafiya, ƙarfe biyun dare sai ta ɓace a allo, sai bayan kwana biyu ta ɓullo wani wuri kuma ta ƙara nitsewa cikin ruwa, alamar ta yi nauyi kenan. Me ta ɗauka, a wajen wa? Sai ka nemo hoton tauraron ɗan adam, ka duba abin da rada ta kama, sojan ruwa suna da Falcon Eye, wani tsarin rada da kyamarori na sa ido a teku, da aka ƙaddamar a 2021, NIMASA ma, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa, a shekarar ta ƙaddamar da Deep Blue na dala miliyan 195, jirage ne da helikwafta da ɗakin sa ido. Ka bi tarihin jirgin, sau nawa ya canza suna, tutar wace ƙasa yake ɗauke da ita, waye mai shi na gaskiya, don sau da yawa kamfanin takarda ne kawai a wani tsibiri. Wani lokacin kuma bayan duk wahalar nan sai ka tarar na'urar ce ta lalace, babu komai, kuma dole ka rubuta cewa babu komai ɗin.

Nan ne wurin da nake so ka riƙe, rubutun. Oga ba shi da lokacin shafi goma, shafi ɗaya zai karanta, kila a tsaye ma. A shafin nan sai ka raba abin da ka gani da idonka, da abin da wani ya faɗa maka da kuma ko mutumin ya saba faɗin gaskiya, da abin da kai kake zato. Wallahi wannan rabewar ita ta fi komai wuya, don kowa yana son ya kai wa oga labari mai zafi. Ka tuna Heroic Idun, wata ƙatuwar tanka mai cin ganga kusan miliyan 2, a watan Agusta 2022 ta zo kusa da rijiyar mai ta Akpo, sojan ruwa suka ce ba ta da izini, aka ce ta tsaya ta ƙi, ma'aikatan suka ce su sun ɗauka 'yan fashi ne, ta gudu sai Ikwatoriyal Gini aka kama ta aka dawo da ita, mutum 26 a ciki, ba a sallame su ba sai 2023 bayan an sasanta a kotu a Fatakwal. A gari ana ta cewa an kama ɓarayin mai, alhali jirgin bai loda komai ba. Mai nazari na ƙwarai zai rubuta ya shigo, ya ƙi tsayawa, ya gudu, cikinsa wayam, sannan can ƙasa ya ce ga abin da nake zato kuma ga iya ƙarfin zaton nawa. Saboda a kan takardarka za a tura yaran mutane cikin teku da dare, ko a tsare wani bawan Allah wata da watanni nesa da iyalinsa.

Kuma kar wani a gidan nan ya ce teku matsalar 'yan kudu ce. A 2020 cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a mashigin tekun Gini ne, kamfanonin inshora suka ɗora kuɗi, kuɗin kuma a kan kayan da ake saukewa Apapa yake faɗawa har ya iso kasuwar Sabon Gari. Abin ya lafa sosai bayan dokar fashin teku ta 2019 da hukuncin da aka yi wa mutum 10 a Legas a 2021, amma ga satar ɗanyen mai, ga kwantena. A 2024 kwastan sun kama bindiga 844 da harsashi 112,500 a tashar jiragen ruwa ta Onne a jihar Ribas cikin kwantena ɗaya daga Turkiyya. Mu da muka san halin da hanyar Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa suka shiga ba sai an yi mana bayanin abin da bindiga ɗari takwas ke nufi ba. Ga tiramol kuma da ke cin yaranmu, yawanci ta ruwa take shigowa.

Karatunka ya dace, musamman in ka iya zanen taswira a kwamfuta. Ka ƙara Faransanci, Kwatano da Lome da Duwala duk da shi suke aiki kuma tun yarjejeniyar Yawunde ta 2013 ana musayar bayanai da su. Ka leƙa NITT, cibiyar koyar da fasahar sufuri da ke nan Basawa, ka tambayi kwasa-kwasansu na sufuri. Ƙofofin kuwa su ne sojan ruwa, DIA mai leƙen asirin soja, NIA mai leƙen asirin ƙasashen waje, DSS, ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, sai NIMASA. Za a tona tarihinka har abin da ka rubuta a Facebook shekarun baya, saboda haka ka kama hannunka tun yanzu. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya sama maka gurbi ɗan damfara ne, kar ka ba shi ko sisi.

Sai ka shirya wa shirun. In ka yi daidai babu abin da zai faru, ba wanda zai yaba, ka dawo gida da abu a ƙirjinka matarka ta tambaya ka ce gajiya ce. Wasu ba sa iyawa, kuma ba laifi ba ne.

Ka zo gida ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ka taho da takardunka da furojet ɗinka na ƙarshe, ina so in ga yadda kake rubutu. A gaida Hajiya da jiki. Sai da safe.