Amsa: Tsohuwar tarakta ko sabuwa mai tace hayaƙi?

Alhaji, ka tambaya ko ka sayi tsohuwar Massey Ferguson 290 ko sabuwa 'yar Turai mai na'urar tace hayaƙi, don gonarka ta wajen Lagdo, kusa da Garwa a arewacin Kamaru. In ni ne, tsohuwar zan ɗauka.

Sabuwar ba ta da laifi a inda aka ƙera ta domin shi. Amma tana son gazwal mai tsabta, mai ƙarancin sulfa, kuma ka san irin man jarka da muke samu a ƙauye. Ƙura ko ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya lalata allurar man, matatar hayaƙin kuma ta toshe. Ga kuma AdBlue da take buƙata don tsabtace hayaƙin, ruwa ne mai yuriya kashi 32.5 cikin ɗari, wanda ba ya son zafi, balle zafin Garwa a watan Afrilu. Idan ya ƙare, injin da kansa zai rage ƙarfi, ko da kana tsakiyar huɗa. Idan na'urar ta sami matsala, sai ka nemo bakanike mai kwamfutar duba inji, damina kuwa ba ta jira.

Ita 290, kowane bakanike ya san cikinta, kayanta kuma ana kawowa daga Yola da Kano. Sai dai kada fenti ya ruɗe ka. Je da sassafe ka tayar da ita da sanyin inji, ka duba kalar hayaƙi, sannan a ɗaura mata garma ka ga ko tana riƙe ta a sama.