Tambayi Anti: Muryata ta dishe, ga jarabawar dandamali saura kwana goma

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan satin wasiƙun ɗaliban wasan kwaikwayo da rawa da waƙa ne suka cika min akwati, da alama jarabawa ce ta matso. Na ɗauki guda uku, sauran ku yi haƙuri zan zo kanku in sha Allah.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a sashen wasan kwaikwayo. Saura kwana goma mu shiga furaktikal, zan yi monolog na minti uku ni kaɗai sannan ga wani sin, wato fitowa ɗaya a cikin wasa, da muke yi mu huɗu, kuma a satin dai akwai pepa biyu na tiyori. Muryata ta dishe tun shekaranjiya saboda kullum da daddare nake maimaita layukana da ƙarfi har wajen ƙarfe biyu. Sannan wancan simestar ina tsakiyar wasa komai ya goge min na tsaya kamar an dasa ni, lakcarori uku suna kallona, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Dan Allah ya zan yi? Ƙanwarki 'yar aji biyu.

AMSA: Ƙanwata sannu, wallahi na ji miki. Mu fara da muryar tukunna don ita ce ba ta jira. Daga yau ki daina karatun dare da ƙarfi, gaba ɗaya. A cikin maƙogwaronki akwai wasu 'yan tantani guda biyu, su ne ke karkarwa in iska ta bi ta tsakaninsu har sauti ya fito, a muryar mace suna haɗuwa su rabu kamar sau 200 a daƙiƙa ɗaya, a ta namiji sau ɗari da 'yan kai. Toh ki lissafa awa uku kina ɗaga murya ga gajiya ga rashin bacci, dole su kumbura, kumburin nan shi ne dishewar da kike ji. Ki ba su hutun kwana biyu zuwa uku, magana sai ta dole, ki yawaita shan ruwa, ki shaƙi tururin ruwan zafi, ki bar yawan gyaran murya da kaki don duk lokacin da kika yi kamar kin buga su ne da juna. Kuma kar ki koma yin raɗa wai kina lallaɓa muryar, mutane da yawa ba su san raɗa ma tana wahalar da maƙogwaro ba, gara ki yi magana a hankali da muryarki ta ainihi. In ta fara dawowa ki fara da "mmm" baki a rufe na 'yan mintuna kafin ki buɗe baki da magana, numfashi kuma daga ciki, ki ɗora hannu a cibiya ki ji tana tasowa, kafaɗa na zaune. In dishewar ta wuce sati biyu ko kina jin zafi in kin haɗiye, ki je wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kar ki tsaya jin shawarar ƙawaye. Ki kuma gaya wa lakcaranki tun yanzu, kar ki bari sai ranar.

Yanzu maganar mantuwa. Ina da yaƙinin hadda kika yi irin ta aku, kalma na jan kalma, irin wannan haddar in zare ɗaya ya tsinke shikenan duk carbin ya watse. Akwai wani darakta ɗan Rasha, Konstantin Stanislavski, wanda shi da abokin aikinsa suka kafa gidan wasan kwaikwayo na Mosko a 1898, na san kun taɓa shi a tiyori. Abin da ya koyar kuma har yau ake amfani da shi shi ne ki yanka wasan gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ki tambayi kanki: matar nan da nake fitowa a matsayinta, me take so a nan daga wanda take yi wa magana? Roƙonsa take? Tsorata shi take so ta yi? Ɓoye masa wani abu take? Monolog na minti uku bai fi ya ba ki gunduwa biyar ko shida ba. Ki ɗauki fensir ki ja layi a sikirif ɗinki, wato takardar da aka rubuta wasan a kai, duk inda buƙatarta ta canza, ki rubuta kalma ɗaya a gefe. Kinga yanzu abu shida za ki riƙe a kai maimakon kalma ɗari huɗu, kuma in wata kalma ta gudu kin san inda kika dosa, za ki faɗe shi da kalmominki ki wuce, sau da yawa ma 'yan kallo ba za su gane ba.

Duk wannan aikin ba ya buƙatar murya, shi ya sa kwana ukun hutun nan ba asara ba ne. Ki rubuta layukan da hannu daga ka, ki duba inda kika yi kure, ki yi tafiyar wasan a ɗaki kina faɗa a zuci don ƙafa da hannu su ma suna da tasu haddar. Ki rarraba shi, minti ashirin da safe, ashirin da yamma, ashirin kafin kwanciya, sai ki yi bacci. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a farko-farko, kuma maimaici a rarrabe ya fi kama kai a kan na zama ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya ƙanwata, kwana goma kuwa sun isa in kin fara yau.

A sin ɗin ku huɗu, ki haddace ƙarshen maganar wanda ke gabanki kamar yadda kika haddace taki, don ita ce ƙofar shigarki. Ku kuma zauna ku huɗun ku yi yarjejeniya, in ɗaya ya maƙale wa zai jefo masa tambayar da za ta dawo da shi hanya. Na sha zama a kujerar masu ba da maki, kuma ina gaya miki tsakani da Allah ɗalibar da ta manta layi ta ja numfashi ta ci gaba a cikin halin matar da take wasa ta fi burge ni a kan wadda ta zuba komai daidai amma idonta babu kowa a ciki. Abin da ke zubar da maki shi ne ki fita daga wasan, ki kalle mu, ki ce sori. Kar ki yi shi ko me ya faru.

Tiyori kuma kar ki raba shi da furaktikal. In an tambaye ki sassa shida da Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya lissafa wa wasan ban tausayi, wato zubin labari, halayen 'yan wasa, tunani, lafazi, kiɗa da waƙa, da abin da ido ke gani, ki kawo misali daga sin ɗin da kike yi yanzu. Zai zauna miki, kuma mai makin zai ga kin fahimta.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni ɓangaren rawa da waƙa na fi ƙarfi. Duk hutun da muka yi sai na dawo jikina ya sandare, numfashina ya ragu, sai na yi sati uku kafin na kamo 'yan ajinmu. A gida kuma in na fara motsa jiki sai a ce hutu ma ba za ki huta ba. Wannan karon sati shida za mu yi. 'Yarki.

AMSA: 'Yata, satin farko ki huta da gaske, jikin da ya sha simesta guda yana da haƙƙi a kanki, ƙananan ciwukan gwiwa da idon sawu ma a irin wannan lokacin suke warkewa. Daga sati na biyu ki ware minti talatin kullum, goma na ɗumama jiki har ki ji gumi ya fara tsattsafowa, goma na miƙa jijiyoyi, goma na numfashi da murya. Kar ki taɓa miƙa jiki yana sanyi, nan ake samun targaɗe. Ƙarfin numfashi yana fara ja da baya cikin sati biyu kacal in an zauna, shi ya sa kike shan wahala in kin koma. Mutanen gida kuma ki zaunar da su ki yi musu bayani cikin ladabi, ki ce ɗalibin lissafi littafinsa yake buɗewa, ni kuma jikina da muryata su ne littafin. Ki zaɓi lokacin da ba za ki takura wa kowa ba kuma ba zai hana ki aikin gida ba, in sun ga kin tsare lokacin kullum za su saba. Ki samu wasa ko biyu ki karanta a hutun, da wani ɗan littafi da za ki riƙa rubuta yadda mutane ke tafiya da zama da fushi da dariya, zai yi miki amfani fiye da yadda kike zato.

TAMBAYA: Salam Anti. An shirya mana kamp na sati biyu, za a kulle mu waje ɗaya mu haɗa wasa daga farko har a nuna shi ranar ƙarshe. Na yi odishin, wato gwajin zaɓen 'yan wasa, na babban rol, ni a ganina na fi wanda aka ba, amma sai aka sa ni mataimakin sitej manaja, wai ni zan riƙe littafi ina kula da shiga da fita da fitilu. Raina ya ɓaci sosai, ina tunanin in ce ba ni da lafiya kawai in zauna. Ni wasa na zo koya ba ɗaukar kujeru ba. Ɗanki ɗan aji uku.

AMSA: Ɗana ɓacin ranka na gane shi, duk wanda ya taɓa tsayawa odishin ya san zafin a kira sunan wani. Amma ƙaryar ciwo kam ban yarda ba, ka je kamp ɗin nan. Ni kaina an taɓa hana ni rol ɗin da na kwana biyu ina mafarkinsa aka ba ni riƙon littafi, na yi kuka a bayan labule, kuma a wannan aikin ne na fara gane yadda wasa yake tsayuwa da ƙafarsa.

Bari in gaya maka abin da ke cikin littafin da kake rainawa. Duk inda darakta ya ce wane ya tsaya nan, wance ta shigo ta hagu, fitila ta ragu a kan kalma kaza, sauti ya shigo bayan an rufe ƙofa, kai za ka rubuta. Ɗan wasa nasa kawai ya sani, kai kuwa za ka san na kowa. Ranar rihazal, wato gwajin wasa, na fitilu da sauti, wanda shi ne mafi tsawo da cin rai a duk kamp, da ranar rihazal na ƙarshe da cikakkun kaya da kwalliya, za ka ga kowa kai da sitej manaja yake kallo. Kuma da zarar an buɗe labule ranar wasa darakta ya gama nasa, ya koma ɗan kallo, wasan yana hannun sitej manaja da mataimakinsa. Sati biyu kana zaune kusa da darakta kana jin dalilin da ya sa yake gyara wa wancan tsayuwarsa, yake ce wa waccan ta rage gudu, wannan darasi ne da ba a bayarwa a aji. Sannan wanda ya riƙe littafi yakan haddace wasan gaba ɗaya ba tare da ya sani ba, in wani ya kwanta ciwo ana gobe wasa, wa kake jin za a fara nema? Ban ce ka yi fatan hakan ba fa. Bayan an gama kamp ka samu daraktan shi kaɗai ka tambaye shi cikin girmamawa me ya rage maka a odishin, wani lokacin ba iyawa ba ce matsalar, tsayi ne ko kalar murya ko yadda ka dace da wadda za ku yi wasa tare.

Tunda maganar kamp ta zo bari in haɗa da sauran da suka rubuto a kai, musamman 'yan mata. Kamp wuri ne na gajiya da cuɗanya, ana tashi da wuri a kwanta a makare, zuwa kwana na biyar za ku ga an fara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, rashin bacci ne, duk damar kwanciya da kuka samu ku yi amfani da ita ku ajiye waya. Ku tafi da takalmi mai taushi da kayan da za ku iya motsi a ciki, da maganinku in kuna da wanda kuke sha, da fensir biyu. Kuma wannan ku riƙe shi da kyau: duk sin ɗin da akwai taɓa jiki a ciki, ko faɗa ne ko riƙe hannu, sai an tsara shi a gaban mutane an yarda da shi tukunna, kuma yadda aka tsara haka za a yi kullum ba ƙari. Babu rihazal na mutum biyu a ɗaki a rufe da daddare, ko waye ya kira, ɗalibi ne ko malami. In an matsa miki ki ce a'a ki gaya wa malamar da ke kula da ku a ranar, kar ki bari sai an dawo.

Kai kuma ɗana, ka sayi littafi mai faɗi, ka manna shafin sikirif a gefe ɗaya ka bar ɗaya gefen fili don rubuta alamomin shiga da fitila, da fensir za ka rubuta don darakta zai canza ra'ayi sau goma. Ka riga kowa zuwa wajen rihazal da minti goma sha biyar. In kun dawo ka rubuto min yadda aka yi, ina jira.