Sunan Fayil na Guntulewa a Saba: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Ina kula da shafin intanet na wata makaranta a Gombe. Idan na shiga sabar (kwamfutar da ke ajiye fayilolin shafin) ta FTP, wato hanyar turawa da sauke fayiloli, fayil mai suna "2024 sakamako.pdf" sai ya fito "sakamako.pdf", in na zo sauke shi a ce babu shi. "ƙasida" kuma ta koma "Æ™asida". Fayilolin sun lalace ne?

Amsa: Malam, fayilolinka lafiyarsu ƙalau. Manhajar da kake duba su da ita ce ke kuskuren karanta jerin sunayen.

A ƙa'idar FTP da aka fitar a 1985, ba a ƙayyade yadda amsar umarnin LIST, mai kawo jerin fayiloli, za ta kasance ba, domin don mutum ya karanta aka yi ta. Sabar Linux takan turo layi kamar haka:

-rw-r--r-- 1 malam staff 48213 Mar 12 09:40 2024 sakamako.pdf

Babu wata alama da ke nuna inda suna ya fara, sai dai manhajar ta yi kirdado. Ga abin da ke ƙara rikita ta: fayil ɗin da bai kai wata shida ba ana nuna lokacinsa, wanda ya wuce haka a nuna shekararsa. To manhaja mai rauni ta ga 09:40, ta ga 2024 na biye, sai ta ɗauka shekara ce ta haɗiye ta. Da ka danna saukewa, sunan da ta guntule take nema, saba ta mayar da lamba 550, wato ba ta samu fayil ɗin ba. Haka ma sunan da ya fara da sarari yakan salwanta.

Ita kuwa "ƙ" bayit biyu ce, wato lambobi biyu, a tsarin adana haruffa na UTF-8, C6 da 99. Idan aka karanta su da tsarin Windows-1252, kowanne ya zama harafi daban, wato Æ da ™.

Abin da na fi jiye maka shi ne goge fayil bisa kuskure. Kada ka goge ko ka sake wa fayil suna daga cikin wannan manhajar. In akwai wani "sakamako.pdf" na gaskiya a foldar, shi umarnin zai faɗa wa.

Mafita mafi inganci ita ce komawa SFTP, wata hanyar tura fayiloli mai tsaro, yawanci a ƙofa ta 22, domin shi yana turo suna a gurbinsa daban. In dole sai FTP, duba amsar umarnin FEAT, mai nuna abubuwan da sabar ke iya yi: idan ka ga MLST, sabar na iya turo jeri da MLSD, wanda aka fitar a 2007 don na'ura ta karanta ba tare da kirdado ba. A cikin manhajojin sabar FTP, ProFTPD da Pure-FTPd suna da shi, vsftpd ba shi da shi. Don haruffa masu lanƙwasa, buɗe Site Manager a manhajar FTP ta FileZilla, ka shiga Charset, ka zaɓi UTF-8, sannan ka sake haɗawa. Sabbin fayiloli kuma ka riƙa sa musu suna irin "sakamako_2024.pdf".